Wasiƙar da Ban Nema Ba

Na zo Ingila a shekarar 2022 ina da shekara 51, na biyo maigidana wanda ya samu aikin koyarwa a wata jami'a. Cikin abubuwan farko da aka ce lallai mu yi har da rajista da likitan unguwa, wanda a nan ake kira GP, domin ta hannunsa ake shiga mafi yawan harkokin hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS. Na cike takardu, na ba da adireshinmu da ranar haihuwata, na ma manta da zancen. Bayan wasu watanni sai ga wasiƙa da sunana, ana gayyata ta in zo a ɗauki hoton mamana, wato nonona, domin binciken sankara.

Gabana ya faɗi, na zaci wani abu suka gani a jikina suka ɓoye mini. Tun tasowata, abin da na sani shi ne mutum ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da shi, saboda haka na kasa fahimtar dalilin kiran mai lafiya. Sai da na karanta ɗan littafin da aka haɗo da wasiƙar na gane cewa duk macen da ke da rajista da likita ana kiran ta daga shekara 50 har ta kai 71, sau ɗaya a duk shekara 3, kuma ba a karɓar ko sisi. Tun 1988 aka fara shirin. Hikimarsa ita ce na'urar ɗaukar hoton tana iya ganin ƙullutun da bai kai girman da hannu zai ji ba, kuma sankarar da aka kama tun tana ƙarama ta fi sauƙin magani, sau da yawa ma ba sai an cire maman duka ba.

Duk da haka na ajiye wasiƙar kusan mako biyu ban ce komai ba. Kunya ce a gaba, sannan tsoro. Ina da gwaggo da ta ɓoye ciwon mamanta fiye da shekara, tana shafe-shafen magani a ɗaka, ba ta yarda an kai ta asibiti ba sai da wurin ya fashe, kuma ba ta daɗe ba bayan nan Allah Ya karɓi abinsa. A gidanmu ko sunan cutar ba a kamawa. Da maigida ya ga wasiƙar, sai ya ce, “Hajiya, ai neman magani ba ya hana tawakkali, ki daure ki je.” Abin da ya ƙarasa kwantar mini da hankali shi ne bayanin da na gani cewa mata zalla ne ke ɗaukar hoton.

Ba ma cikin asibiti aka yi ba, a wata doguwar mota ce da aka girke a filin ajiye motoci, an gyara cikinta kamar ɗakin likita. An riga an faɗa mini kada in shafa hoda ko in fesa turare a hammata a ranar, domin suna iya ɓata hoton. Ma'aikaciyar ta yi mini bayani a tsanake, ta ɗora mama a kan faranti, wani faranti ya sauko ya danne shi na 'yan daƙiƙoƙi, aka ɗauki hoto biyu a kowane ɓangare, ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe. Akwai matsi da ɗan zafi, ba zan ɓoye ba, amma kafin rabin awa na fito.

Sakamako ya zo cikin mako biyu, kuma ba shi ne wanda na so ba: an ce in dawo a ƙara dubawa. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi da na yi tun zuwana ƙasar nan, domin ba uwa kusa, ba 'yar'uwa, sai ni da tunanin gwaggona cikin dare. Na koma ga ɗan littafin nan na sake karantawa, inda aka ce a cikin mata 100 kimanin 4 ake sake kira, kuma a cikin 4 ɗin nan 1 ce ake samu da sankara. An sake ɗaukar hoto, aka yi sikanin, likita ta nuna mini wata 'yar jaka mai ruwa a allo, ta ce ba sankara ba ce. Na yi kuka a gabanta, na yi hamdala.

Wani abu da ya burge ni shi ne ba su ɓoye illar binciken ba. Sun rubuta cewa yana ceton rayukan mata kimanin 1,300 a shekara a Birtaniya, amma kuma yakan gano sankarar da ba za ta taɓa cutar da mai ita ba, a yi mata magani ba dole ba, sannan wani lokaci hoton kan tsallake wadda take nan. Zaɓi ya rage ga mace. A ganina wannan gaskiyar ta fi lallashi tasiri, kuma ita ta sa na yarda da su. Sun kuma ja kunnena cewa in na ji ƙullutu, ko na ga fatar ta lotsa, ko kan mama ya shige ciki ko yana fitar da jini, kada in jira wasiƙa ta gaba, in je wurin likita nan take.

Yanzu duk baƙuwar da na haɗu da ita nakan tambaye ta ko ta yi rajista da likita, ko kuma ta sanar da su sabon adireshinta in ta tashi, domin wasiƙar ba za ta iske wadda ba a san inda take ba. Na kuma kira ƙanwata da ke gida, wadda babu mai aiko mata da irin wannan gayyata. Ta ce, “Yaya, ai lafiyata ƙalau.” Na ce mata ni ma lafiyata ƙalau ranar da na je, kuma ban bar ta ba sai da ta nemi asibitin da ke da na'urar, ta faɗa mini ranar da aka ba ta.