Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Garin da Shafaƙi Ba Ya Gushewa

Makon jiya mun tsaya a inda na sauka Aberdeen, arewa maso gabashin Sukotland, a watan Satumbar 2014, domin yin digiri na biyu a injiniyancin man fetur. A watan Yunin shekarar gangar ɗanyen mai ta haura dala 110, don haka kowa a ajinmu gani yake aiki na jiransa a bakin ƙofa.

Abin da ya fara girgiza ni ba karatu ba ne, lokacin salla ne. Tun tasowata ban taɓa neman lokaci da kaina ba, ladan ne ke kira in tashi. A can kuwa babu mai kira. Da Disamba ta shigo, rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, uku da rabi kuma ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk suna faɗawa cikin awannin darasi. Na koyi yin alwala tun daga ɗaki in riƙe ta, na koyi shimfiɗa rigar sanyi a ƙarƙashin matakalar bene in tayar da kabbara, mutane na wucewa ta samana da kofunan kofi a hannu. Ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda zai tambaye ni in na bari. Wannan na biyun ya fi nauyi, wallahi.

Azumin 2015 ya kama a tsakiyar Yuni. Rana na faɗuwa bayan ƙarfe goma na dare, huɗu da 'yan mintuna ta sake fitowa, tsakaninsu kuma sararin arewa bai yin baƙi sam. To yaushe Isha ta shiga, yaushe alfijir ya keto? Jadawali biyu suka zo hannuna, kowanne da nasa lokacin sahur.

Na kai kukana wurin wani dattijo ɗan Sudan, likita ne da ya daɗe a garin, wanda muke haɗuwa a sahun Juma'a. Na ce, "Baba, wanne ne daidai?" Ya yi murmushi ya kawo mini hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda sahabbai suka tambayi yadda za su yi salla a yinin da tsawonsa ya kai shekara, Annabi (SAW) ya umarce su da su ƙaddara masa lokaci. Ya ce a kan haka malamai suka gina: wasu su bi gari mafi kusa da shafaƙi ke ɓacewa, wasu su raba dare kashi bakwai. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ba injiniya kake ba? Je ka lissafa, ka ga inda saɓanin ya fito."

Na kuwa zauna gaban kwamfuta. Galibin jadawalai suna ɗaukar alfijir daga lokacin da rana take digiri 18 a ƙarƙashin sararin gabas. Aberdeen tana kan digiri 57 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a tsakiyar bazararsu rana ba ta nutsewa ko digiri 10. Ashe ba wanda ya yi ƙarya cikin masu jadawalin biyu; alamar ce babu ita, kowa ya yi ijtihadinsa. Tun daga ranar na rage saurin cewa wane ya ɓata.

Lissafin nan na tafiyar rana, da na shiga don sahur, shi ne dai ake amfani da shi wajen sanin yadda za a karkata farantin sola. Ya shiga raina fiye da duk abin da na karanta kan rijiyoyin mai. A lokacin kuma kasuwa ta riga ta juya: tun Janairun 2015 ganga ta sauko ƙasa da dala 50, kamfanonin da ke haƙar mai a Tekun Arewa, gab da Aberdeen, na ta sallamar ma'aikata, mu ɗalibai baƙi kuwa wata huɗu kacal biza ke ba mu bayan kammalawa. Na je wurin malamin da ke duba bincikena na roƙi in karkata shi zuwa amfani da hasken rana a wuraren haƙar mai. Ya amince, da sharaɗin kada in ƙara ko mako guda a kan wa'adi.

Saura mahaifina. Da na kira shi na yi bayani, ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce, "Mai aka tura ka karantowa, ko rana?"

Amsar da na ba shi, da abin da ya biyo bayanta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.