Laraba: yankan burodi ɗaya da maganar Hajiya

Wuta ta zo da asuba, ta kai har hantsi. Na yi guga, na cika firij da ruwa, na fito da kwalbar insulin daga cikin randa na mayar da ita inda ya kamata ta zauna. Auta, ɗana mai ciwon sugan da ake yi wa allurar insulin ɗin, sugansa da safe 128. Ya ci ƙosai da rabin kofin koko marar sukari, ya fita yana waƙa. Ummi ta mance littafin lissafinta, Babansu ya juya ya kai mata yana ta mita. Ranar dai ta fara da daɗi.

Hajiya, surukata, ta iso bayan azahar da tsarabarta kamar kullum, daddawa, kuka, ƙuli-ƙuli, zuma a gora, da ƙullin dabino da ta ce na angonta ne. Tana miƙo min sai ta dafe baki ta ce, "Af, na sha'afa, ai ango ba ya cin zaƙi." Na ce yana ci Hajiya, da lissafi ne kawai, ko jakar makarantarsa ba ta rabuwa da dabino saboda faɗuwar suga. Ta dube ni ta yi murmushi irin na wanda bai gamsu ba, muka shiga hirar bikin gidan Gwaggo.

Bayan la'asar yaran layi suka yi sallama, Auta ya bi su ƙwallo. Bai shigo ba sai da aka fara kiran magariba, ƙafa duk ƙura, yana ba kakarsa labarin ƙwallon da ya ci da ƙafar hagu. Ita kuma tana tsokanarsa wai ba za ta zauna da miji ɗan ƙwallo ba. Ina jin daɗin dariyarsu, amma tun daga nan na san daren yau sai da lura. Gudun da ya yi bai ƙare a fili ba. Tsokar jiki tana ci gaba da zuƙar suga daga jini awanni bayan an daina wasa, don ta mayar da abin da ta ƙone, shi ya sa yaron da ya yi ƙwallo da yamma sugansa kan faɗi cikin tsakar dare, lokacin da kowa ya yi barci.

Ƙarfe 7 na yi masa allura, ya ci malmalarsa ta tuwo da miyar kuka. Ƙarfe 9 na gwada shi. 98.

Na shiga kicin na tsaya ina tunani, irin tsayuwar da nake yi kusan kowane dare. A takardar da likitarsa ta rubuta mana, in sugan kwanciya ya yi ƙasa da 120, ko ya yi wasa mai ƙarfi da yamma, a ba shi abin da ke da sitaci kamar giram 15, a haɗa masa da abu mai gina jiki. Yau duka biyun sun haɗu. Wannan lissafin nasa ne shi kaɗai, don na ga yaran da muke haɗuwa da su ranar asibiti kowa da nasa adadin.

Akwai ragowar awara ta rana, amma awara kusan ba ta da sitaci, ita kaɗai ba za ta riƙe shi zuwa asuba ba. Dafaffen ƙwai ma haka, gyaɗa ma kusan haka. Dabino kuwa akasin haka ne, nan da nan yake ɗaga suga, nan da nan ya sake shi, ya fi amfani idan sugan ya riga ya faɗi. Fura na daina ba shi da dare, domin ba ni da yadda zan san sitacin da ke cikin curi guda, wata mai furar curinta babba, wata ƙarami, ga shi in ya sha sai a wayi gari da 200 da wani abu. Kunun gyaɗa yana so, amma kaurinsa yau daban gobe daban. Kindirmo marar sukari da rabin ayaba yana yi masa kyau ƙwarai, sai dai kindirmon ya ƙare tun jiya. Madara kofi ɗaya tana da sukarinta na halitta kamar giram 12, ita ma takan yi. A ƙarshe na yanka burodi yanka ɗaya siriri, na shafa masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, na ɓare ƙwai ɗaya na ɗora a gefe. Maiƙon gyaɗar yana sa sitacin ya riƙa shiga jini a hankali.

Na fito da faranti na ajiye gabansa a tabarma. Ya yi bismillah ya ɗauka.

"Ke Maman Ummi, me zan gani haka? Burodi? Da daren nan?"

Na ce, "E Hajiya, sugansa ne ya ɗan yi ƙasa, ga shi ya yi ƙwallo."

Ta ce nawa ne. Na ce 98. Ta ce innalillahi, 98 ne ƙasa? Ashe ita na'urar da take gwada nata sugan irin mai karanta 5 da 6 da 7 ce. Na ce mata ma'aunin ne ya bambanta, in aka raba namu gida 18 sai a samu nata, wato 98 ɗin nan 5 da ɗigo 4 ne a tata. Sai ta ce, "To ai lafiya lau ke nan. Ni in na ga 5 har godiya nake yi wa Allah. Yaro yana lafiya ki ɗauki burodi ki ɗura masa? Ni tun da aka ce ina da ciwon nan, daga magariba ban ƙara sa komai a bakina sai ruwa." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, "Kada tausayi irin na uwa ya sa ki cuce shi, 'yar nan."

Wannan kalmar ce ta hana ni kwanciya har yanzu.

Ba faɗa ta yi ba, muryarta a ƙasa take, kuma na san ƙauna ce ta sa ta faɗa. Amma Auta yana zaune yana ji. Ya sauke burodin daga bakinsa, ya dubi kakarsa, ya dube ni, ya ce, "Mama, in bari?" Yaro ɗan shekara 8 da ake soka wa allura safe da yamma, ake huda masa yatsa, wanda a gidan suna yake kallon sa'o'insa suna shan lemo shi yana riƙe da ruwa, yau kuma abin da zai kare shi cikin dare ya koma masa kamar laifi. Na ce, "Cinye abinka, Auta, magani ne." Ya ci, amma ba da irin daɗin da ya fara ba.

Babansu bai dawo daga kasuwa ba, da shi zai yi mata bayani, don ɗa ya fi suruka bakin magana. Ni kuwa ba a yi min tarbiyyar musu da Hajiya ba. Na jira har Auta ya goge haƙora ya kwanta, sannan na ɗauko littafin da nake rubuta gwajinsa na zauna kusa da ƙafarta.

Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, ciwonku da nasa suna ɗaya ne amma hali ba ɗaya ba. Ku jikinku yana yin insulin, bai dai isa ba ne, ko jikin ba ya jin sa sosai. Shi nasa jikin ya daina yi gaba ɗaya, abin da na soka masa shi ke nan abin da yake da shi." Na nuna mata kwalbar Mixtard, wato insulin ɗin da nake yi masa, yadda ruwan yake fari-fari in an murza. Kashi 30 cikin 100 mai saurin aiki ne, shi ke tarar tuwon dare. Sauran kashi 70 ɗin a hankali yake aiki, kuma ƙarfin allurar yakan kai ƙarshensa tsakanin awa 2 zuwa 8 bayan an yi ta. Allurar ƙarfe 7 ke nan tana nan da ƙarfinta har wajen ƙarfe 3 na dare, alhali tuwon ya daɗe da narkewa. Na ce mata kamar wuta ce da aka riga aka hura ƙarƙashin tukunya, ba ni da ikon janye itacen, iyakata in tabbatar tukunyar ba wayam take ba. 98 da rana yana farke ba ya tayar min da hankali. 98 da ƙarfe 9 na dare, bayan ƙwallo, da wannan allurar a jikinsa, yana iya zama 55 kafin ƙarfe 2.

Ta ce to me zai faru in ya kai hakan. Na ce ƙasa da 70 an shiga haɗari. Da rana zai ce min yana jin yunwa, hannunsa na rawa, in ba shi ƙwayar sukari ko dabino, in sake gwadawa bayan minti 15. Da dare kuwa barci yake, ba zai faɗa ba. Sai dai a ga gumi ya jiƙa matashi, ko ya yi ta juyi yana firgita, ko ya tashi da safe da ciwon kai. In ya yi ƙasa sosai yana iya suma ko ya yi jijjiga, kuma a wannan halin ba a ɗura masa komai a baki kada ya shaƙe, sai a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Da wane abin hawa, ƙarfe 2 na dare, a layinmu?

Na gaya mata kuma ba kullum nake ba shi ba. Daren da na gwada na ga 190 ba ya cin komai, ruwa kawai. In na cika masa ciki don tsorona ya kwanta, da safe sugan yana sama, ya yi ta fitsari cikin dare, ya je makaranta a gajiye, kuma wannan ma cuta ce da ke taruwa a hankali. Abin da mutane ba sa gani ke nan. Suna ganin farantin, ba sa ganin lissafin da ke bayansa. Akwai yaran da ke kan irin su Lantus, allurar da aikinta ke tafiya kusan bai ɗaya dare da rana, su da yawansu ba sa bukatar cin komai kafin barci sai in sun yi wasa ko sugan ya sauka. Mun yi maganar da likita. Kuɗinta ya fi ƙarfinmu a yanzu, ga shi sai an haɗa ta da wata allurar a kowane cin abinci.

Hajiya tana ta jan carbi tana saurare. Ba ta ce na yi daidai ba. Can sai ta ce, "Gumin nan da kika faɗa, har da bugun zuciya?" Na ce har da shi. Ta ce ita ma takan farka cikin dare jikinta sharkaf, ƙirjinta na dukan uku-uku, ƙafafu ba ƙarfi. Ta ɗauka zafin gari ne ko mugun mafarki, sai ta yi addu'a ta sha ruwa ta koma.

Gabana ya faɗi. Na ce ta nuna min magungunanta. Ta kwance leda, ga ƙwayoyin ciwon suga, metformin da Daonil, kuma ta ce tana shan na yamman ko ta ci abinci ko ba ta ci ba. Daonil yana cikin magungunan da ke matsa wa jiki ya fitar da insulin, yana iya kayar da suga, musamman ga tsofaffi da wanda ya sha bai ci komai ba, kuma faɗuwar tasa takan daɗe ba ta saki mutum ba. Baiwar Allah tana kwana da yunwa a ɗakinta ita kaɗai a gida, tana ganin kiyayewa take yi, babu wanda ya sani. Ban ce ta daina sha ba, wannan maganar likita ce. Na dai roƙe ta ta ci wani abu. Da ƙyar ta karɓi ƙwai da rabin kofin madara, burodi kam ta ce a kai kasuwa.

Babansu ya shigo wajen ƙarfe 10. Na ba shi labari a tsaye. Ya yi shiru, ya ce zai kira Yaya da safe, a kai ta wurin likitanta cikin satin nan da ledar magungunan gaba ɗaya, a faɗa masa zancen gumin da zancen rashin cin abincin dare.

Ƙarfe 2 ƙararrawar waya ta buga. Auta 116, bai ko motsa ba da na huda shi, goshinsa a bushe. Na leƙa ɗakin Hajiya na tarar idonta biyu. Na ce, "Hajiya, ku kawo yatsa." Ta miƙo ba musu. 81. Ta ce nawa ke nan a tata, na ce 4 da rabi. Ta ce, "Da ban sha madarar ba fa?" Na ce Allah ne masani. Ina tattara kayan gwajin ta ce, "Amma dai burodin nan, ki tambayi likitar ko akwai abin da ya fi shi." Na ce to, zan tambaya.

Har yanzu "in bari?" ɗin Auta yana min yawo a kai. Gobe in ya dawo makaranta zan zaunar da shi, shi da Ummi, in sake gaya masa cewa abin da na ajiye masa a faranti da dare ba kwaɗayi ba ne, ko wa ya yi magana. Ina so in roƙi Hajiya ita ma ta faɗa masa da bakinta, don maganarta tana da nauyi a wurinsa fiye da tawa.

Tsinken gwaji ya kusa ƙarewa, ga shi yanzu mutum biyu zan riƙa gwadawa har ta koma. Na rubuta wa Babansu a takarda ya biya kemis kafin ya wuce kasuwa, ya haɗo da kindirmo.