Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bashin Guminmu

A makon jiya na tsaya a ranar da muka tarar da kwaɗo a ƙofar kamfanin casar shinkafar da nake wa aiki a Gombe, alhali tun bayan Babbar Sallah ba mu ga albashi ba.

Da farko niyyarmu mu shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Wani lauya ɗan unguwarmu a Jekadafari ya dakatar da mu. Ya ce, "Malam, tunda Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin rushe kamfanin, ba a sake yin ƙararsa sai da izininta. Ta naɗa wanda zai sayar da kadarori ya biya masu bin bashi, wurinsa za ku kai hujjarku." Ya buɗe mana dokar kamfanoni ta 2020, sashe na 657, inda aka sa albashi da kuɗin fanshon ma'aikata cikin basussukan da ake fara biya, kafin 'yan kasuwar da suka kawo samfarera bashi. Sai dai bankin da aka jinginar wa fili da injina shi ke fara ɗiba daga kuɗinsu.

Hujjar ita ce matsalar. Ni ina da takardar ɗaukar aiki da bayanan asusun banki. A nan ma na gano an yi ta cire kashi 8 cikin 100 na albashina da sunan fansho ba a zuba ba, duk da dokar fansho ta 2014 ta ce a zuba cikin ranakun aiki bakwai bayan biyan albashi. Wannan ya ƙona min rai ƙwarai.

Amma masu dako da matan da ke share buntu fa? A hannu ake biyan su, ba su da ko fallen takarda. Wata dattijuwa ta riƙe min hannun riga ta ce, "Ɗana, shekarun da na yi ina shaƙar ƙurar nan ba shaida ba ce?" Wallahi na rasa amsar da zan ba ta. Su ne suka fi kowa wahala, kuma su aka fi saurin mantawa da su.

Baba maigadi ne ya cece su. Ashe ya adana littafin shiga da fita a ƙarƙashin tabarmarsa, bangonsa ya yage, kowane shafi cike da dangwalen babban yatsa da kwanan wata. Da shi Barista ya lissafa wa kowa haƙƙinsa, suka yi rantsuwa a kotu, muka haɗa takardunsu da namu muka miƙa tare.

Ba a jima ba aka aiko mana da ranar taron masu bin bashi. Abin da wakilin banki ya faɗa a gabanmu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.