Bishiyar Baba ta kwanta, muka bar ta a kwance

Ba wata gagarumar guguwa ce ta kayar da bishiyar fulam ɗin Baba ba (fulam ɗan itace ne mai ƙwallo ɗaya a ciki, wanda Turawa ke kira plum). Ruwa ne ya yi ta sauka har ƙasa ta yi laushi, ita kuma ta ɗauki 'ya'ya fiye da ƙarfinta a gefe guda, sai ta bi nauyin ta kwanta. Rabin saiwoyinta suka fito fili da ƙasa manne a jikinsu, sauran rabin na binne. Baba, Allah ya jiƙansa, da hannunsa ya dasa ta tun muna yara, don haka maganar sarewa ko tasowa ba ta yi ba.

Yayana da ya zo ya gani, cewa ya yi, "Ka samo igiya da mota mu ɗaga ta kawai." Na ce, "Yaya, a yi haƙuri, mu fara da saiwa tukuna." Ƙananan jijiyoyin nan masu kama da gashi su ne ke shan ruwa, kuma da zarar iska da rana sun busar da su, shi ke nan. Na jiƙa buhunan algarara na lulluɓe duk abin da ya fito, na riƙa yayyafa musu ruwa. Wannan kaɗai ya ba mu sararin yin tunani ba tare da gaggawa ba.

Da na duba da kyau sai na ƙi yarda a ɗaga ta. Ƙaramar bishiya, wadda kaurin gangar jikinta bai wuce santimita 10 ba, ana iya haƙe ramin da saiwar ta fito, a miƙar da ita a hankali, a kafa turaku uku a ɗaure ta da igiyar da aka zura cikin guntun tiyo don kada ta ci ɓawo, kuma galibi takan kama. Tamu tsohuwa ce, hannu biyu ba sa zagaye ta. Saiwoyin da suka rage a ƙasa sun riga sun lanƙwashe, su ne kuma ke ciyar da ita yanzu. A ja ta da mota, su za a tsinke. Za ta tsaya kyam ta burge kowa na ɗan lokaci, sannan ta bushe a tsaye. Yaya bai so ba, don shi so yake ya ga bishiyar yadda ya san ta. Na fahimce shi, amma na dage.

Muka samo manyan gwafa biyu muka tokare gangar jikin, muka sa tsohuwar taya tsakanin gwafa da ɓawo, yadda nauyin zai sauka a kansu ya daina jan saiwa. Saiwoyin da suka karye na yanke su da zarto mai kaifi, yanka ɗaya sumul, domin tsagaggen rauni ruɓewa yake yi. Na cike ramin da ƙasar da ta fito daga cikinsa, ina zuba ruwa ina dannawa don kada iska ta maƙale a ciki, na tara tudu a kan abin da ya rage a waje. A sama na shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin kamar santimita 7, amma ban bari ta taɓa gindin ba. Taki kuwa ban sa ba. Bishiyar da ta rasa rabin saiwarta ruwa take buƙata a kai a kai, taki sai dai ya tura ta fitar da ganyen da ba za ta iya shayarwa ba.

Abin da ya fi mini ciwo shi ne tsinke 'ya'yan. Ɗanyu ne shar, sun cika rassa, na bi su na cire kusan duka na zuba a bokiti. Rassa kuma waɗanda suka karye kawai na taɓa. Fulam ba ta son yanka a lokacin sanyi da danshi, saboda akwai cutar fangas da ke shiga ta bakin rauni, ta mai da ganye fari-fari kamar azurfa, ta bi reshe ta kashe shi. Irin tamu, Victoria, na daga cikin waɗanda cutar ta fi kamawa, don haka sauran gyaran na jira sai da yanayi ya yi ɗumi ya bushe. Wani gargaɗi ga mai niyyar sare bishiyar da ta faɗi: idan aka datse gangar jiki, dunƙulen saiwar na iya komawa raminsa da ƙarfi, kada a bar yaro ko kowa ya tsaya a wajen.

Ba a jima ba sai toho ya fara fitowa daga ƙasa kewaye da gindin, kore shar, da ƙarfinsa. Ƙanwata ta yi murna, ta ce, "Yaya, ga ta nan ta haihu, mu ciri ɗaya kowa ya dasa." Na nuna mata wani kumburi a ƙasan gangar jikin, ɗan sama da ƙasa kaɗan. Nan ne wurin aure. Kusan duk fulam da ake dasawa mai aure ce: saiwar wani iri ne daban da aka zaɓa don juriya, saman kuma shi ne irin da ake so a ci. Tohon da ya fito ƙasa da kumburin na saiwar ne, 'ya'yansa ƙanana ne, sau da yawa masu tsami, kuma yana ƙwace wa bishiyar abinci. Na bi shi na fizge daga tushe. Ƙwallon ma ba ya maimaita uwarsa, wanda ya shuka shi wata bishiya daban zai samu.

Hanyar da aka saba bi don riƙe ainihin bishiya irin ta Baba ita ce a aura reshenta a kan sabuwar saiwa. Haka ma irin Victoria ya rayu tun daga Ingila a wajen shekarun 1840, reshe daga reshe, hannu zuwa hannu. Da sanyi ya kama ta zubar da ganye, na yanko rassan da suka fito a shekarar, masu kaurin fensir, na naɗe su a takarda mai danshi cikin leda na sa a firji, nesa da tuffa, don iskar da tuffa ke fitarwa na lalata idon reshe. Kafin toho ya buɗe na kai wa wani dattijo mai lambu. Ya fere reshe da saiwa a karkace, ya haɗa su yadda koren da ke ƙarƙashin ɓawo ya dace da juna, ya naɗe tam. Ya ce, "Ɗana, in koren nan bai haɗu ba, ko shekara ka yi kana jira babu abin da zai kama." Wasu sun kama, wasu sun bushe, shi ya sa ake yin da yawa.

Tsohuwar tana nan a kan gwafarta. Sababbin rassa sun miƙe tsaye daga bayanta suna neman rana, ina rage su ina barin masu ƙarfi, gefen da ya rasa saiwa kuma har yanzu yana fitar da ƙaro, alamar tana jin jiki. Fulam ba bishiya ce mai dogon rai ba, don haka ƙananan da suka kama na raba wa Yaya da ƙanwata, na ce kada su sa ran 'ya'ya kafin shekara uku ko huɗu.