Neman ƙanen kakana a rajistar sojojin Bama

A gidanmu abin da aka sani kawai shi ne ƙanen kakana ya tafi yaƙin Bama (ƙasar Burma, wato Myanmar ta yanzu) a Yaƙin Duniya na Biyu bai dawo ba. Babu takarda, babu hoto. Kwanan nan na shiga shafin intanet na Commonwealth War Graves Commission (hukumar da ke kula da kaburbura da sunayen sojojin ƙasashen renon Ingila da suka rasu a yaƙe-yaƙen duniya), wanda kyauta ne, na fara laluben sojojin Nigeria Regiment, wato rundunar Najeriya ta zamanin Turawa, da suka rasu a 1944 da 1945.

Wallahi sai da kaina ya yi zafi. Turawa ba da sunan uba suka rubuta yawancin mutanenmu ba, sunan yanka ne sai sunan gari a bayansa. Ka nemi Audu ɗaya, sai Audu su cika maka allo, ga rubutun suna yadda kunnen malamin rajista ya ji. Lambar soja ce ke raba gardama, mu kuwa ba mu da ita.

Da yawansu ba su da kabari sananne, sunansu ne kawai a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon, can ƙasar Bama.

Gwaggo ta ce a akwatin marigayi Baffa akwai wata tsohuwar lambar yabo, a duba ko da rubutu jikinta. Jibi zan je Zariya. Allah ya jiƙansu.