Lahadin da na rage wa kumbona haske

Lahadi, tsakiyar hunturu.

Fenti ba ya shiri da ƙura, shi ya sa da na dawo daga masallaci da asuba ban koma shimfiɗa ba. A wannan lokaci na shekara iska ba ta tashi sosai sai hantsi ya ɗaga, don haka mai feshi sai ya yi sammako. Na yayyafa ruwa a bayan rumbu don ƙasa ta kwanta, na kafa babban kwalin sabulu ya zama rumfa, sannan na ɗauko ɓangarori biyu na gangar ƙaramin kumbon da nake ginawa. Gwangwanin fentin ya kwana cikin sanyi, sai na tsoma shi a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, domin gwangwani mai sanyi tofi yake yi maimakon feshi. Tazarar taƙi ɗaya da ɗan ƙari, hannu yana tafiya ba tsayawa, shafi sirara-sirara.

Feshin yau duk na ciki ne, inda ba mai gani. Baƙi na fara sawa, ya bushe, na ƙara, sannan na bi da fari. Robar bututun ruwa da nake aiki da ita tana da kauri a ido, amma in ka kunna fitila a cikinta cikin duhu sai ka ga jikin duka yana ja-ja, musamman inda na goge da samfefa ya yi siriri. Baƙin shi ke tare hasken kada ya tsiyayo ta bango, farin kuma ya watsa shi ko'ina a ciki.

Ga masu tambaya me nake ginawa: kumbo ne irin na finafinan almarar kimiyya, amma ba na kowane fim ba, daga kaina na zana shi a bayan littafin lissafin shago. Na ƙaddara tsawonsa mita 300 ne, na kuma gina shi a santimita 60, wato kowane abu an rage shi sau 500. A wannan ma'auni mutum mai tsayin mita 1.7 bai kai milimita 3 da rabi ba. Rokar Saturn V da ta ɗauki 'yan sama jannatin Apollo 11 zuwa wata a 1969, mai tsayin kusan mita 110, da za a ajiye ta kusa da nawa ba za ta wuce santimita 22 ba. Wannan lissafi shi ne alƙalin komai. Duk abin da zan liƙa sai na tambayi kaina: in mutum ya tsaya kusa da shi, nawa ne girmansa? Gangar daga bututun ruwa take, na gasa shi a kan garwashi a fili har ya yi laushi, na danne tsakanin katako biyu ya zama faranti. Ba a bari ya ƙone, hayaƙinsa guba ne. Injinan baya guda uku kuwa jikin manyan sirinji ne da murafen kwalaben turare.

Muna yara mun yi motar kara, mu fere ɓawon mu soka a totuwa, waɗanda suka fi mu hannu su yi ta langa-langa har da sitiyari mai tsawo. Ban ga wani bambanci tsakanin wancan da wannan ba sai na haƙuri da lissafi. Baba dai har yau bai yarda ba. Ya wuce ni zai duba tumaki, ya tsaya, ya ce, "Mutum da iyali, yana wasan yara da sassafe." Na ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba." Ya yi gaba, sai kuma ya waiwayo ya ce in matsar da kwalin, iska za ta juyo ta gabas. Ya fi ni sanin iskar gidan nan, na matsar.

Yau kasuwar Gujungu ke ci, rabin gari ya tafi, shagon caji ba ya samun mutane sai yamma. Na bar wa ƙanena makulli na hau babur. Ba hatsi ko dabba na je nema ba, wajen 'yan gwangwan na nufa, na tsuguna ina tona tarin matattun rediyo da rimot da tocila. Na samu rediyon kaset guda wadda cikinta ke cike da ƙananan giya na roba, da wata tsohuwar fitilar ado mai gashi, irin wadda ake sa wa amare a ɗaki tana canza launi. Ita ce babbar ribar yau. Gashin nan zaren haske ne, in ka haska gindinsa sai hasken ya bi ta cikinsa ya fito a baki ko da ka lanƙwasa shi. Kaurinsa wajen rabin milimita, wanda a ma'aunina ya zama taga mai faɗin santimita 25. Ta yi ƙanƙanta kaɗan, amma gara haka da ta yi girma.

Daga nan na biya rumfar Kawu mai gyaran rediyo, wanda a wurinsa na fara riƙe ƙarfen liƙi, wato ƙarfen da ake narka dalma da shi a haɗa wayoyi. Rasista nake so, ɗan abin nan da ke rage wutar da ke isa ƙwan fitila, wanda launukan jikinsa ke nuna ƙarfinsa a ma'aunin da ake kira om.

"Kai yaro, har yanzu kana nan da jirgin nan naka da ba ya tashi?"

"Ina nan, Kawu. Rasista na zo nema, mai ruwan ƙasa da baƙi da ja."

"Om dubu guda ke nan. Me za ka yi da dubu a kan ƙwan tocila? Kashe shi za ka yi."

"Kashe shi nake so in yi, Kawu, amma ba duka ba."

Ya girgiza kai, ya zazzage gwangwanin madara a kan tabarma, muka tsinto guda shida daga cikin tarkacen. Ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce in kawo masa jirgin ya gani in ya ƙaru.

Bayan azahar na zauna liƙe-liƙen tarkace a bayan kumbon. Wannan dabara ba tawa ba ce. Waɗanda suka gina jiragen fim ɗin Star Wars na 1977 haka suka yi, suka sayo kwalayen ƙananan tankokin yaƙi da jiragen sama da na ruwa na roba, suka ɓalle gutsattsarin suka manna a jikin nasu, ido ya ga kamar injina ne masu aiki. Su sun saya a kanti, ni na tono a Gujungu. Sai dai akwai abin da nake ganin masu farawa ba su lura da shi: ba ko'ina ake cikawa ba. In ka lulluɓe jirgi da tarkace daga hanci zuwa wutsiya, ido ya rasa inda zai huta, abin ya koma tulin shara. Ni na tara nawa a kewayen injina da cikin wani kwari da na yanka a tsawon gefe, na bar sauran jikin sumul da 'yan layukan faranti da na ja da bayan reza. Sannan duk guntun da mai kallo zai iya cewa "ai wannan murfin biro ne", to bai ci jarrabawa ba, sai an yanke shi ko an kifa shi ko an binne rabinsa a ƙarƙashin wani. Matata ta leƙo ta nuna wani zagaye mai ƙananan huji a bakin injin tsakiya, ta ce, "Wannan ba matacin shayina ba ne?" Na ce wanda ya yage ne. Ta ce ai ba ta ce ya gama aiki ba.

La'asar ta yi, batirin sola ya cika, na jona ƙarfen liƙi. Nan ne aikin da na fi so, kuma nan ne zan ɗan daɗe.

Wutar da nake ba kumbon daga fawa banki take, bolt 5. Farin ƙwan led, wato ƙaramin ƙwan fitila irin na tocila, yana cin wajen bolt 3, ja kuma wajen 2. Abin da ya rage sai rasista ta shanye, in ba haka ba ƙwan ya ƙone nan take. Ga fari, saura bolt 2 ke nan. In ka sa rasista mai om 100, miliamf 20 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) za su wuce, wanda shi ne iyakar abin da irin waɗannan ƙananan ƙwayaye ke ɗauka, hasken kuma ya kashe ido. In ka sa mai om 1000, miliamf 2 kacal za su wuce. Kowane ƙwai da rasistarsa, domin in ka haɗa ja da fari a kan guda ɗaya, jan zai kwashe wutar ya bar farin a mace. Doguwar ƙafar ƙwan ita ce ta wuta, gajeruwa ta komawa. Na sa ja a fiffiken hagu, kore a na dama, yadda dokar jiragen ruwa da na sama take, don wanda ya hango su da dare ya san inda suka dosa.

Tagogin na huda su tun makon jiya da allurar keken ɗinki da na soka a guntun kara ina murzawa. Yau zare kawai na zura. Kowane zare na kusantar da bakinsa ga zafin ƙarfen, ba tare da ya taɓa ba, har ya yi ɗan kai, sannan na ja shi ta hujin. Sufa gulu ba ya zuwa kusa da wannan aiki, yana sa zaren ya yi gautsi ya karye, tururinsa kuma ya bar farin hazo a kan duk roba mai garai-garai. Farin gam na kafintoci shi ne daidai, ko da yake yana sa mutum jira. Wasu zaren na bar su da tsawo a waje, sai an gama fenti na ƙarshe in datse su daidai da jiki, bakin ya fito tas ba fenti a kansa. Ta ciki kuma na tattara su dami-dami, na cusa kowane dami cikin guntun robar biro tare da ƙwai ɗaya.

Ɗan wana, wanda ke aji biyar a firamare, shi ne mai riƙe mini wayar wuta. Bayan isha'i muka shiga ɗaki muka tura ƙofa, na haɗa ɓangarorin biyu da roba, na jona. Da farko na gwada masa da om 100 don ya gani da idonsa. Ɗakin ya haske, ya yi tsalle.

"Baffa, bar shi haka! Wallahi ya fi tocilar mai gadi."

"To ai ka faɗa da bakinka. Tocila ka gani ko jirgi?"

Na canza zuwa dubu. Ya ɓata rai, ya ce na lalata. Na ce ya koma bakin ƙofa ya tsuguna, ya bar idonsa ya saba. Abin da nake so ya gane shi ne haske ke faɗa wa ido girman abu. Taga mai ƙarfin haske tana cewa ƙwai na nan kusa, bayan roba. Taga mai rauni tana cewa akwai ɗaki a can ciki, da nisa, wani yana zaune. Kuma ban haska tagogin duka ba, wajen kashi ɗaya cikin uku na toshe su da baƙi, wasu kuma na shafa wa gindin zarensu ɗan ruwan ɗorawa. In kana dawowa daga Ringim da dare ka hango gari daga nesa, ai ba kowane gida ke da fitila ba, wani fari, wani ja-ja, wani duhu, kuma wannan rashin daidaito shi ke sa ka san mutane ne a wurin. Injina kaɗai na bari da ƙarfi, shuɗi, na sa musu om 220, na rufe bakinsu da farar robar galan da na goge don kada a ga ƙwayar ƙwan.

Ya daɗe a tsugune. Can ya ce, "Baffa, mutum nawa ne a ciki?" Ban ba shi amsa ba, na ce ya ƙirga tagogin ya yanke da kansa.

Duhun ya kuma tona inda haske ke tsiyaya: layin da ɓangarorin biyu suka haɗu, da gindin fiffiken dama. Na yi musu alama da fensir. Sai kuma maganar inda waya za ta fita. Babban samfurin kumbon Enterprise na shirin Star Trek, wanda aka fara nunawa a 1966, tsawonsa ƙafa 11 ne, yana gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na Smithsonian a Washinton. Wayoyinsa ta gefen hagu suka fito, ba a ma ƙawata wannan gefen ba, ta dama ake ɗaukarsa. Su kyamara suke yi wa aiki, tana tsayawa inda aka ce. Nawa 'yan kallon yara ne masu zagaye abu ta ko'ina har su leƙa ƙarƙashi, don haka wayar za ta bi ta cikin eriyar rediyon da na sayo yau, ita ce za ta zama sandar da kumbon zai tsaya a kai.

Fentin waje sai wani satin. Toka-toka mai haske zan sa, ya fi wanda nake so haske kaɗan, domin launi mai duhu yana ƙanƙantar da ƙaramin abu. Tsufan jiki kuma da garin gawayi da na bakin fensir zan yi shi. Ina ganin hotunan wasu a intanet sun zubo wa kumbonsu tsatsa tana gangarowa ƙasa, sai in ce ruwan sama na wace damina ya dake shi? A sararin samaniya babu iska, babu ruwa, babu ma ƙasa da sama. Tabon da zan yi daga bakin ƙananan injina zai fita, ya bi inda hayaƙi ya bi. A wasu wurare zan manna takardar alewa mai ruwan zinariya, irin rufin da ake yi wa taurarin ɗan'adam na gaske don kare su daga zafi da sanyi.

Rasista shida ba za su isa ba, akwai sauran dami huɗu na ɓangaren gaba. Gobe zan ba direban da ke zuwa Kano saƙo ya biya Sabon Gari, in rubuta masa launukan a takarda don kada a ba shi wata. Muna cikin wannan lissafi matata ta turo ƙofa ta ce wayarta ta mutu, fawa bankin kuma nata ne, ta zare shi ta fita. Yaron ya ce ya kai taga tamanin da bakwai, gobe zai ci gaba daga nan.