Yadda muka gyara makabartar garinmu

Daminar 2022 ce ta tashe mu tsaye. Ruwa ya kwana yana zuba, da asuba aka yi sanarwa a masallaci cewa kaburbura sun rufta. Na je na gani da idona: ƙasa ta zurma, bakin tukwanen da aka yi rufi da su ya fito fili, ga sawun awaki ko'ina. Mahaifina yana kwance a wurin. Ranar ban iya cin abinci ba.

Muka yi gayya, matasan unguwa da diga da shebur da baro. Kuskurenmu na farko shi ne ba mu nemi dattijon da ya tsufa yana haƙar kabari a garin ba. Mun ga wani fili a kusurwar arewa, shafe, babu tudu ko ɗaya, sai muka ce daga nan za mu ɗebi ƙasar ciko. Har an kafa diga sai ga shi yana dogara sanda.

"Ku dakata, 'ya'yana. Nan yaran sanƙarau ne."

Na ce, "Baba, ai ba mu ga alama ba."

Ya ce annobar 1996 ce, kuma da hannunsa ya haƙa mafi yawansu. Kabarin yaro ƙarami ne, damina kaɗan ke shafe shi. Jikinmu ya yi sanyi, muka mayar da ƙasar da hannu.

Daga nan muka zauna ya karanta mana makabartar kamar allo. Ya nuna inda aka fara binnewa bayan an daina sa mutane a cikin gida, da gefen da gonar mai unguwa ce ya bayar sadaka lokacin da wurin ya cika. Ya ce a da da itacen ƙirya ake rufi saboda gara ba ta cin sa da wuri. Da ƙirya ta yi wuya aka koma darbejiya da tukwane, kuma itacen da ya ruɓe shi ke jawo ruftawa. Duk wannan a kansa kaɗai yake, babu shi a takarda. Na sayi littafi na bi shi layi-layi ina rubutawa, mako uku.

Aikin kansa ya koya mana sauran. Ƙasar ciko daga waje ake kawo ta, a zuba a hankali, a daddaɓe da hannu, ba a hawa a tattaka. Ciyawa da lauje ake yanke ta, don wuta tana cin shinge ta kashe bishiyoyi. Darbejiya a bakin iyaka muka dasa ta, saboda saiwarta kan kutsa cikin kabari. Ba mu sa siminti a kan kowa ba, tunda hadisi ya hana gini a kan kabari. Dutse muka ajiye, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi wa Usman ɗan Maz'un a Baƙi'a.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne hanyar ruwa, kuma a ganina ita ce rabin aikin. Sai da muka haƙa kwalbati ta bayan shinge muka karkatar da ruwan zuwa kududdufi. Yanzu a watan Afrilu muke fita, kafin ruwan farko ya sauka. Katanga kuwa har yau gefe biyu kawai muka iya yi, ana tara kuɗin bulo duk Juma'a bayan an idar da salla.